Yadda Na Daina Sauya Sunayen Hotuna da Hannu

Ina da shagon ɗaukar hoto a Kano, kuma galibin aikinmu na biki ne, daga kamu zuwa ɗaurin aure da walima. Daga biki ɗaya mukan dawo da hotuna sama da dubu biyu a kyamara biyu, Canon da Nikon. Ta farko tana raɗa wa hoto suna irin IMG_0457, ta biyu kuma DSC_0457, kuma idan lamba ta kai 9999 sai ta koma farko, don haka hoton bikin bara da na bana suna iya cin karo a suna ɗaya. A da, yaron shagona yakan kwana biyu yana sauya su ɗaya bayan ɗaya, idanunsa sun yi jawur, kuma duk da haka ba a rasa kuskure.

Mafita ta zo ne daga wani ɗan gajeren rubutun umarni da ƙanena ya tsara mini a harshen Python, wato wani harshe da ake ba kwamfuta umarni da shi. Kowane hoto yana ɗauke da bayanan da ake kira EXIF, inda kyamara ke ajiye ranar da aka ɗauke shi har zuwa daƙiƙa. Rubutun yana karanta wannan lokaci, ya sa shekara a gaba, sannan wata, sannan rana, sai awa da minti da daƙiƙa, ya ƙara sunan shagalin, sai a sami 2024-03-09_143205_kamu. Wannan jeri nake ganin shi ne ƙashin bayan aikin, domin kwamfuta tana jera sunaye harafi bayan harafi, kuma muddin rana ta zo gaba, hotunan Maris za su cakuɗe da na Disamba.

Sau ɗaya ya ba ni kunya, kuma laifin nawa ne. Agogon Nikon ya yi jinkirin awa ɗaya ban lura ba, sai ga hotunan ango yana gaisawa da jama'a sun riga na waliyyai suna karɓar sadaki. Uwar amarya ce ta gano, tana duba su a wayarta a gabana.

Tun daga ranar, kafin mu fita aiki sai na daidaita agogon kyamarorin biyu da na wayata. Haka kuma rubutun ba ya taɓa asalin hotunan, kwafi yake sauyawa, kuma yakan fara nuna mini tsohon suna da sabo gefe da gefe, sai na karanta na amince sannan ya zartar.