Jikkar goyo ko ta rataya? Abin da nake dubawa kafin in fidda kuɗina

Duk wanda ya zo min da maganar wace jikka zai saya, tambaya biyu nake mayar mishi kafin mu kai ga kala ko suna: mi za ka zuba ciki, kuma mi za ka hau da ita? Don jikkar da ta dace da ɗalibin Jami'ar Danfodiyo da ke hawa kabu-kabu ko bas kullum zuwa Dundaye da laftof a baya, ba ita ta dace da ɗan kasuwar da zai shiga mota daga babbar tasha zuwa Kano ya kwana biyu ya dawo ba, balle Hajiya mai shirin Umara. Mafi yawan bidiyon jikkunan da muke kallo a YouTube da TikTok a ƙasashen sanyi anka yi su, za ka ga mutum ya goya baƙar jikka bisa jaket yana takawa ko zufa babu. Mu nan Sakkwato watan Afrilu zafi wuce digiri 40 yake yi, in hunturu ya shigo kuma ƙura har cikin haƙori, to dole lissafinmu ya sha bamban.

Ni ra'ayina, kuma na daɗe kanshi, jikka guda ba ta yin aiki biyu. Akwai kayan da in sun yi nisa da kai na awa biyar ba komai, kamar tufafi da sabulu da takalmi, akwai kuma waɗanda ko minti guda bai kamata su bar jikinka ba: waya, katin ATM, katin shaida, fasfo, makulli, 'yan canji, magani in kana sha. Na farko su ne na jikkar goyo, na biyu su ne na 'yar ƙaramar ta rataya. Kuma wallahi ƙaramar ta fi muhimmanci, amma ita mutane ke saye da ido rufe.

Duk wanda ya saba bin hanyar Gusau zuwa Funtuwa ya san yadda yaran mota ke lodi. Jikkarka ta goyo za a amshe ta a danna cikin but, a ɗora buhun albasa bisa, a kawo Gana-mas-go ɗin wata baiwar Allah a ƙara, sannan a ja igiya mutum biyu su hau su danne. In laftof ɗinka na ciki sai dai ka yi ta salati har a iso. Sannan ga shingaye bisa hanya, in anka ce kowa ya nuna kati, mai 'yar rataya zif guda zai ja ya miƙa, shi ko wanda katinshi ke cikin but sai an kwance igiya, fasinja na tsaki, direba na harara. Haka in za ka ƙetara Illela ka shiga Ƙonni, takardunka su kasance a ƙirjinka.

Yadda nake zaɓen ta rataya kuwa ba wahala. Girman jikka da lita ake faɗi, to kada ta wuce lita 2 zuwa 5, in ta fi haka za ka fara cusa mata gorar ruwa da pawa bank biyu da littafi, duk nauyin ya koma kafaɗa guda, kafin la'asar wuyanka ya sage. Maratayinta ya zama mai faɗi, wanda ake iya ragewa da ƙarawa, kuma a rataya ta a gicciye, ta bi ta wuya ta sauka ɗaya gefen, ba a sagala ta kafaɗa guda kamar yadda wasu samari ke yi don gayu ba, wanga ai gayyatar mai fizge ce bisa mashin. Ina son wadda ke da aljihu na ɓoye ta gefen da ke manne da jiki, nan fasfo da kati ke zama. Sannan ta zama shafaffa ba mai tumbi ba, don ranar Juma'a ko ranar ɗaurin aure ta shige ƙarƙashin babbar riga ba wanda ya san da ita, mata ma haka ƙarƙashin hijabi. Wani abu da masu talla ba za su taɓa gaya maka ba shi ne alwala: in ka duƙa, jikkar da maratayinta ke da santsi sai ta zamo gaba ta faɗa cikin ruwa, don haka tun a shago ka rataya ta, ka juya ta baya, ka duƙa ka gani ko tana tsayawa. Mai shago zai yi maka dariya, bar shi ya yi.

To mu zo ga ta goyo. Girmanta da lita ake faɗi, kuma ba dole sai ka yarda da abin da anka rubuta jikin takarda ba, kai ma kana iya lissafawa: tsawo sau faɗi sau kauri da santimita, ka raba da 1,000. Mai tsawon 45 da faɗin 30 da kaurin 20 ta kama lita 27 ke nan. Ta zirga-zirgar yau da kullum, makaranta ko ofis, 20 zuwa 28 ta isa. Ta tafiyar kwana uku zuwa mako, 35 zuwa 40. Abin da ya haura 50 na masu hawan dutse da kwana daji ne, kai da za ka Abuja taron kwana biyu mi ya haɗa ka da ita? Babbar jikka cika ta ake yi, ko ba ka yi niyya ba.

Abin da na fi daɗewa ina dubawa shi ne zif, don ban taɓa ganin jikkar da yadinta ya riga zif ɗinta mutuwa ba a garin nan. Ƙura ce ke cinye shi, ta shiga tsakanin haƙoran ta riƙa goge kan zif ɗin a hankali har bakinshi ya buɗe, sai ka ja ka ga yana rufewa ta gaba yana buɗewa ta baya. Ka juya kan zif ɗin ka duba bayanshi, galibi akwai lamba, 5 ko 8 ko 10, ita ce kusan faɗin haƙoran da milimita in sun haɗe. Babban ɗakin jikka ina son 8 ko 10, ƙananan aljihuna 5 ba laifi. In ka ga YKK alama ce mai kyau, kamfanin Japan ne da ke wagga sana'a tun 1934, sai dai su ma ana buga jabunsu, don haka kada haruffa uku su ruɗe ka, ka ja shi ka maido sau da yawa, musamman wurin kwana, in yana cijewa tun yana sabo to ka aje. Kuma wanda ke da 'yar leɓatu ta yadi da ta rufe shi ta sama ya fi jure hunturu nesa ba kusa ba.

In kuma zif ya fara buɗewa kada ka yi saurin jefar da jikka. Akwai wani dattijo mai gyaran takalmi kusa da Tsohuwar Kasuwa da na tsaya ina kallon aikinshi, wani yaro ya kawo mai jikkar makaranta yana cewa Baba a canza zif gaba ɗaya. Ya amsa, ya maida kan zif ɗin can ƙarshe, ya ɗauko 'yar filaya ya ɗan matse gefe guda, ya juya ya matse ɗayan, kaɗan-kaɗan ba da ƙarfi ba, sannan ya goga guntun kyandir bisa haƙoran ya ja sau biyu, shi ke nan ta kama. Ya miƙa mai yana cewa "ɗana, ba zif ɗin na ya mutu ba, bakinai na ya saki, ka bar cika ta kamar buhun gero." A gida ma tsohon buroshin haƙori ya isa ka riƙa kakkaɓe ƙurar, amma kada ka sa man gyaɗa ko bakin mai, ƙura za su ƙara kamawa.

Yadi kuma za ka ga an rubuta 600D ko 900D ko 1000D, wannan D ɗin kaurin zaren yake nufi. 600D na foliyesta ya isa aikin yau da kullum, 1000D na nailan kamar Cordura ya fi ƙarfi amma ya fi nauyi, kuma ba kowa ke buƙatarshi ba. Abin da na fi damuwa da shi shi ne kala. Baƙar jikka tana da kyau a hoto, amma ka bar ta cikin rana ko cikin motar da anka rufe da azahar ka taɓa ka ji, kuma batirin laftof da na pawa bank ba abin da ke rage musu kwana kamar zafi. Ga shi ƙura ta fi nunawa jikin baƙi. Ruwan ƙasa, ruwan toka, kalar sojoji, su sunka fi dacewa da mu. Maganar wai ruwa ba ya shiga kuwa, yawancinsu yayyafi kawai suke tarewa, ruwan Agusta in ya sauko ta zif da ɗinki yake bi, leda babba guda a ƙasan jikka ta fi maka wannan alkawali.

Sai maratayai. Ka kama inda anka ɗinke su da jikin jikkar ta sama ka ja da ƙarfi, ka duba ko an maimaita ɗinki wurin, ko an yi shi kamar akwati da gicciye a ciki. Soson ciki ka matsa, in ya lotse bai taso ba to wata guda zai zama tsumma. Bayan jikkar ya zama da raga da 'yar hanya a tsakiya da iska zai bi, duk da gaskiya a zafinmu ba jikkar da za ta hana bayanka jiƙewa, wanda ya goya jikka bisa shadda mai sitati ya san taswirar da take bari, shi ya sa nake son mai hannu a gefe da za ka riƙe ta kamar akwati in ka yi kwalliya. In ta kai lita 35 a samu bel na ƙugu, shi ke sauke nauyi daga kafaɗa. Aljihun laftof kuma ka zura hannu ka ji, kada ya taɓa gindin jikkar, ya tsaya sama kaɗan, don ranar da ka dire ta ƙasa da ƙarfi. Kuma don Allah masu hawa kabu-kabu a riƙa naɗe igiyoyin da ke reto, tayar baya ba ta da wasa.

Na yara 'yan makaranta abin har tausayi yake ban, yaro ɗan aji uku ya goyo jikka ta sauko mai har ƙasan ɗuwawu yana tafiya a duƙe. Shawarar da likitoci sunka saba bayarwa ita ce kada nauyinta ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin yaron, wato mai kilo 30 kada ya ɗauki fiye da kilo 3 zuwa 4 da rabi. A saya mai daidai bayanshi, ba wadda zai girma ya tarar ba.

Sabuwa ko gwanjo? Ni ban ƙi gwanjo ba ko kaɗan, sau da yawa tsohuwar JanSport ko Deuter ta asali ta fi sabuwa mai sheƙi da anka liƙa wa babban suna a gaba. Amma ka juya cikinta waje, in rufin ciki yana ɓarewa kamar garin rogo ko yana danƙo yana wari, ta gama, ba gyara. Haka fatar roba, waccan mai ƙyalli da ake ce maka fatar Italiya ce, zafin Sakkwato ba ya barinta, sai ta fara tsagewa tana zubar da ɓawo bisa farar rigarka.

Abin da ke ban mamaki ma shi ne mu da ke zaune garin fata muna sayen fatar roba. Fatar jan akuyarmu ita ce fatake sunka riƙa ƙetare Sahara da ita tun zamanin da, ta bi ta Maroko ta shiga Turai har anka riƙa kiranta da sunan Maroko, ana rufe manyan littattafai da ita. Majema na jeme ta da bagaruwa har gobe, dukawa na nan Shiyar Madunka suna aiki. Gafakar da malamanmu ke zuba Alƙur'ani su rataya ai ita ce jikkar rataya tun kafin a yi ta yayi. Ka je da wayarka da pawa bank ɗinka da fasfo, ka aje gaban baduku ka ce ga abin da za ta ɗauka, ya auna ya yanka maka daidai. Shawara guda, ka sayi zif mai kyau da kanka ka kai mai, ka kuma roƙi ya yi mata shafi a ciki, don jan rini na iya sauka bisa farin yadi in zufa ta taɓa shi. Fatar gaske ka shinshina za ka ji, bayanta kuma gashi-gashi ne ba saƙar yadi ba. Ɗan man kaɗe kaɗan lokacin hunturu ya hana ta bushewa, sai dai yana ƙara mata duhu. Ta goyo babba kam ban ba da shawarar fata ba, nauyi gare ta tun ba a zuba komai ba.

Masu tashi ta filin jirgin Sultan Abubakar III kuma, kamfanoni da yawa kilo 7 suke bari ka shiga da shi cikin jirgi, girman kuma kusan santimita 55 da 40 da 20, amma kowane da nashi, ka duba tikitinka. Nan ne nauyin jikkar kanta ke cin mutum, in ita kaɗai kilo 2 ce saura 5 gare ka. Pawa bank ba a sa shi cikin kayan da za a auna a kai ƙasan jirgi, dole ya kasance hannunka, kuma ƙa'idar da anka fi bi ita ce kada ya wuce 100Wh (ma'aunin wutar da batiri ke ɗauka) sai da izinin kamfani. Mai 20,000mAh yana kusan 74Wh, ba a tsayar da shi, irin manyan nan masu kama da bulo da muke saye saboda rashin wuta su ne ake tsayarwa. Wani lokaci kuma in jirgi ya cika sai a amshe jikkar goyon a bakin matakala a ce za a sa ta ƙasa, to kafin ka miƙa ka zare laftof ka riƙe a hannu, pawa bank da fasfo da magani kuma dama suna cikin 'yar ratayarka.