Laraba: an rufe tambayar ɗan yayata

Ko shayi ban gama sha ba saƙon muryar ɗan yayata ya shigo, ransa a ɓace. Yana karatun kwamfuta a jami'a, yanzu kuma yana zaman koyon aiki a wata makarantar kuɗi, inda suka ɗora masa rubuta manhajar rajistar ɗalibai da yaren kwamfuta na PHP da rumbun bayanai na MySQL. Jiya da dare ya yi tambayarsa ta farko a Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu rubuta manhaja, da ya tashi da asuba ya tarar an rufe ta, an kuma danna mata ƙuri'un ragi. "Kawu, mutanen nan ba su da mutunci wallahi. Ko karantawa ba su yi ba."

Na ce ya turo mini in gani. A kan tambayar ya rubuta cewa a taimaka masa cikin gaggawa. Sakin layi na farko duk gaisuwa ce: ya gai da manyan malamai, ya yi musu fatan suna lafiya da iyali, ya ba da haƙuri kan Turancinsa. Sai hoton fuskar kwamfuta da ya ɗauka da waya, a karkace, hasken taga ya cinye rabinsa. Ko layi ɗaya na kod bai saka ba. Tarihin gyaran ya nuna wani ya share gaisuwar cikin 'yan mintuna, daga baya wani ya rufe tambayar a matsayin maimaici, ya haɗa ta da wata tsohuwar tambaya kan yadda ake sa UTF-8, wato tsarin da kwamfuta take adana haruffa da shi, ya yi aiki tun daga shafi har cikin rumbun bayanai.

Share gaisuwar ya fi ƙona masa rai fiye da rufewar, kuma na gane dalili. Yaron da aka rene shi a kan ba a shiga gidan mutane babu sallama, an ce masa sallamarsa shara ce. Amma dokar tana da tushe. Tun da Jeff Atwood da Joel Spolsky suka buɗe shafin a 2008, abin da suka nufa shi ne taskar amsoshi, ba majalisar hira ba. Tambayar da ka yi yau, mutum ɗaya ne zai amsa maka, amma dubbai za su faɗo kanta daga Google cikin shekaru masu zuwa, kuma layukan farko su ne suke fitowa a jerin tambayoyi. In layukan nan gaisuwa ce, mai nema bai ga komai ba. Haka batun hoto: ba a iya kwafe kod daga hoto a gwada, injin bincike ba ya ganin abin da ke ciki, makaho mai amfani da manhajar karanta allo ba ya jin komai.

Matsalar tasa kuwa tamu ce ta gida. Sunayen da suke da ƙ da ɗ da ɓ suna fita lafiya a shafin makarantar, amma da ya buɗe rumbun ta phpMyAdmin, manhajar leƙa cikin rumbu kai tsaye, sai ya ga Ɗanladi ya koma "ÆŠanladi", Baƙo ya koma "BaÆ™o". A UTF-8 kowane ɗaya daga cikin haruffan nan masu ƙugiya bayit biyu ne. Hanyar da manhajarsa take magana da rumbun tana kan wani tsarin haruffa daban, latin1, wanda yake ɗaukar kowane bayit a matsayin harafi guda, don haka ƙ ɗaya ta shiga ta zauna a matsayin haruffa biyu na banza. In an karanto ta ta wannan hanya ɗin dai, kuskuren yakan warware kansa, shi ya sa shafin bai tona asiri ba. Abin da yake samun ɗan Poland da ɗan Turkiyya da haruffansu ke nan tun shekaru aru-aru. Wanda ya rufe tambayar bai yi kuskure ba, amsar tana can inda ya nuna. Yaron ne bai danna ba, saboda a ganinsa tambayar da ba ta ambaci Hausa ba ba tasa ba ce.

Ya kuma tambaye ni yadda mutum ɗaya tal zai rufe masa tambaya. Na yi masa bayani a taƙaice, ina cikin adaidaita. A shafin iko yana bin maki ne. Da maki 125 za ka iya danna ragi, da 2,000 ka gyara rubutun kowa ba tare da an duba ka ba, da 3,000 ka jefa ƙuri'ar rufewa ko buɗewa. Da can sai ƙuri'a biyar ake rufe tambaya, a ƙarshen 2019 aka mai da shi uku. Amma wanda ya sami lambar zinare a wani fanni, wato ya ba da amsa aƙalla 200 da suka tara ƙuri'a 1,000, shi kaɗai zai iya rufe tambayar fannin in maimaici ce. Duk waɗannan ba ma'aikatan kamfani ba ne. Har zaɓaɓɓun masu kula da shafin, masu alamar daimon a gefen sunansu, ba a biyan su ko sisi.

Sai da na isa ofis na buɗe hoton a babban allo sannan gabana ya faɗi. A cikin rabin da haske bai cinye ba, sunayen yara ne na gaske, da ajinsu, da lambobin wayar iyayensu, layi-layi. Mutum ya tsaya ya share gaisuwa, wasu sun danna ragi sun wuce, wani ya rufe, amma ba wanda ya buɗe hoton nan ya duba. Nan ne nake da ja da yadda muke aikin, kuma da ni a ciki tun da nima ina jefa ƙuri'ar rufewa. Danna ragi daƙiƙa ɗaya ce, kuma a kan tambaya ko maki ɗaya ba a cire maka. Tsayawa ka duba abin da mutum ya saka, ka rubuta masa jimla biyu, shi ne yake cin lokaci, shi ne kuma aka fi ƙarancinsa. Kamfanin da kansa ya amsa wannan a 2018, lokacin da ya fito fili ya ce shafin ba ya karɓar baƙi yadda ya kamata, ya fitar da sabuwar dokar ɗa'a, ya fara sa alamar hannu a gefen sunan sabon shiga don a sassauta masa. Alamar tana nan a kan tambayar yaron.

Na kira shi na ce ya cire hoton nan take. Cirewar ba ta isa ba, domin tarihin gyara a buɗe yake ga kowa, kuma ko ya goge tambayar gaba ɗaya, masu maki 10,000 suna ganin abin da aka goge. Sai na sa ya ɗaga tuta ga masu kula, ya rubuta musu a fili cewa akwai bayanan ƙananan yara a tsohon zubin, a kankare shi daga tarihi. Irin wannan kankarewa sai ɗaya ya yi, wani daban ya amince. Kafin la'asar an yi.

Lokacin cin abincin rana muka yi musu da abokin aikina, wanda ya daɗe da daina shiga shafin. Ya ce, "Malam, ka bar yaro ya tambayi ChatGPT mana. Zai amsa masa gaisuwar, ya karanta hoton, ya ba shi amsa, ba wulaƙanci." Gaskiya ne zai yi hakan, kuma a wannan matsala da wuya ya yi kuskure, tun da an amsa ta sau ba adadi a bainar jama'a. Na ce masa ai daga ina injin ya koyo? Daga irin amsoshin nan da mutane suka tace, suka yi wa ƙuri'a, suka haɗa maimaici da asalinsa. Na tuna masa Disamban 2022, kwanaki kaɗan bayan fitowar ChatGPT, da aka hana saka amsoshinsa a shafin saboda suna zuwa da yawa, da kyan tsari, amma da yawansu ba daidai ba ne. Amsar da ba ta da kyau a da tana zuwa da alamarta, rubutu a hargitse. Waɗannan kuwa sai ka zauna ka gwada kafin ka gane ƙarya ce. A watan Yunin 2023 masu kula suka shiga yajin aiki bayan kamfanin ya ɗaure musu hannu wajen hukunta masu saka irin waɗannan amsoshi, sai a Agusta aka sasanta. Kamfanin da Prosus ya saya kan dala biliyan 1.8 a 2021, 'yan sa kai ne suka tsayar masa da aiki, shara ta taru.

Ya ce duk ya ji, amma tambayoyi sun ragu ƙwarai a shafin tun daga lokacin, kuma tsauri na cikin abin da ya kori mutane. Ban musa ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce maganin shi ne a daina rufewa. Muna da zauren Telegram na masu rubuta manhaja inda ba a rufe komai, ba a gyara komai, kuma tambayar yadda ake haɗa PHP da rumbun bayanai takan dawo kusan duk mako, a amsa ta da rabin gaskiya, ta nutse a ƙarƙashin tallar kwas. Shi ne admin a can, don haka sai ya yi dariya ya ci gaba da cin shinkafarsa.

Bayan magariba yaron ya zo gida da kwamfutarsa. Layi ɗaya muka ƙara, wanda yake gaya wa haɗin ya yi amfani da utf8mb4, wato UTF-8 na MySQL, sababbin sunaye suka fara shiga daidai. Sai tsofaffin suka fito a lalace a shafin ma, tun da yanzu babu kuskure na biyu da yake rufe na farko. Akwai sananniyar hanyar juya su, amma shi a makon jiya ya gyara wasu sunaye da hannu ta phpMyAdmin, waɗannan suna zaune lafiya, kuma juyin zai mai da haruffansu alamar tambaya. Ke nan teburi ɗaya, layuka iri biyu a cakuɗe, sai an rarrabe su kafin a taɓa komai.

Ya ce zai sake tambaya. Na ce ya yi a hankali, domin tambayoyin da aka yi wa ragi suna taruwa a kan mutum har tsarin ya hana shi tambaya, kuma gogewa ba ta wanke su. Mun ɗauki kwafin rumbun a filashi. Na ba shi aikin gobe: ya fara bincika ko wani ya riga ya yi wannan tambayar, in bai samu ba ya gina ɗan teburi mai layi huɗu da sunayen ƙarya, biyu lafiyayyu biyu lalatattu, ya saka kod ɗin a rubuce tare da sigar MySQL ɗinsa da abin da ya riga ya gwada. Zai turo mini in duba kafin ya saka. Ya kuma roƙe ni kada in gaya wa mamansa maganar hoton, amma shugaban makarantar dole ya sani, kuma da bakinsa zai faɗa masa.