Abin da teburin labaran waje ya koya mini

Duk wanda ya zauna a sashen Hausa na gidan rediyonmu a nan Yamai ya san labarin da shef, wato shugaban sashen, ya fi tsana: Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya tsawaita wa'adin sojojin da ke sa ido kan tsagaita wuta. "Malama, wannan ai ɗumame ne," in ji shi, sai ya ja masa jan biro.

Da ɗan gaskiyarsa. Rundunar UNDOF da ke Tuddan Golan, tsakanin Isra'ila da Siriya, tun 1974 ake sabunta mata wa'adi duk wata shida. Amma kowace sabuntawa shaida ce cewa ba a yi sulhu ba, bindiga kawai aka jingine. Kuma wanda bai bi sabuntawar ba, ba zai gane ranar da aka ƙi yin ta ba. Haka aka yi a 2008: Eritiriya ta hana UNMEE, rundunar Majalisar da ke kan iyakarta da Habasha, samun man mota, Kwamitin ya rufe rundunar a ƙarshen Yuli, iyakar ta zauna ba mai sa ido.

A watan Yunin 2024 na haɗa rahoto kan cikar UNDOF shekara 50. Shef ya jefar da shi a gaban ƴan koyon aiki, wai ina ruwan mai sayar da albasa a kasuwar Katako da Golan. Ranar 8 ga Disamba gwamnatin Bashar al-Assad ta faɗi, sojojin Isra'ila suka kutsa yankin tsakanin da rundunar ke lura da shi. Sai ga shef a kaina: "Ina takardar nan taki?" Da muryarsa ya karanta ta a labaran dare, ko waƙafi bai canza ba. Washegari shi darekta ya yaba wa. Ban ce uffan ba, Allah na nan.

Sauran darussan gajeru ne, ke da za ki gaje ni. Ajiye kwafin aikinki da kwanan wata. Duba tsawon wa'adin: in an saba ba da shekara sai aka ba da wata guda, akwai rigima a Kwamiti. Kada ki ce wa masu sauraro sojojin Majalisar masu shuɗiyar hula suna hana yaƙi; gani suke, su rubuta, su kai rahoto.

Ƙanwata da za ki gaji kujerar, na bar miki fayil ɗin yankin Abyei, tsakanin Sudan da Sudan ta Kudu, tun daga 2011. Yana durowar ƙasa, makullin na wurin mai gadi, ba wurin shef ba.