Wasiƙar da ta hana ni gurbi, da wadda ta ba ni

Shekarar farko da na nemi makarantar likitanci a Amurka, ko ɗaya ban samu ba. Guda goma sha ɗaya na nema, duk na ɓangaren ostiyofati, masu ba da digirin DO. Makina na MCAT, jarrabawar shiga makarantar likitanci, ba na kunya ba ne, sakamakon jami'a ma haka. Da na share hawaye, sai na kira ofishin ɗaukar ɗalibai na ɗaya daga cikinsu, na roƙi a faɗa mini inda na gaza. Matar da ta ɗauka ba ta ɓoye mini ba. Ta ce takarduna ba su cika ba sai watan Nuwamba, kuma wasiƙun shaidar da aka rubuta mini ba su nuna musu ko wace ce ni ba.

Likitan DO cikakken likita ne a Amurka kamar mai digirin MD da aka fi sani, yana rubuta magani, yana yin tiyata. Abin da ya ƙara shi ne koyon duba jiki da gyara ƙashi da tsoka da hannu, hanyar da Andrew Taylor Still ya kafa wa makarantar farko a Kirksville ta jihar Misuri a 1892. Yau fiye da ɗaya cikin huɗu na ɗaliban likitanci a ƙasar a irin waɗannan makarantu suke. Suna so su tabbatar ka san abin da ka zo nema, shi ya sa da yawa ke neman wasiƙar likitan da ya gan ka a wurin aiki, kuma sun fi son ta fito daga DO.

Jinkirin nan kunya ce ta jawo shi. Dandalin AACOMAS, inda ake cike takardun, yana buɗewa a watan Mayu, a Yuni ya fara tura wa makarantu, su kuma suna cike gurbi ne a hankali, wanda ya riga shi ake fara dubawa. Na cike nawa a Yuni. Wasiƙar likita ce ta rage. Sau ɗaya na roƙe shi, ya ce to, na koma na naɗe hannu har wata huɗu. A unguwar Bronx ta birnin New York na girma, amma a gidan da yaro ba ya tuna wa babba alkawari. Shi kuwa bawan Allah mantawa kawai ya yi.

Wasiƙa ta biyu ta fi ba ni takaici. Na zaɓi farfesan kimiyyar sinadarai saboda sunansa. Mu wajen ɗari uku ne a ajinsa, na ci A, amma ban taɓa taka ofishinsa ba, ban taɓa ɗaga hannu ba. Me zai rubuta ban da makin da suka riga suka gani? Ban karanta ta ba, don na sa hannu cewa na yafe haƙƙin ganinta, haƙƙin da dokar FERPA ta 1974 ta bai wa ɗalibi. Makarantu sun fi yarda da wasiƙar da mai ita bai gani ba, kuma ina ganin suna da gaskiya. Amma na san abin da ke ciki, tunda na san iyakar abin da ya sani game da ni.

A zagaye na biyu na shiga kundin likitocin DO na intanet, na aika saƙonni da yawa. Mace ɗaya ta amsa, likitar iyali. Na yi wata bakwai ina bin ta duk ranar Alhamis, ina tsaye a gefe ina kallo.

Wata rana aka shigo da wani dattijo ɗan Damagaram mai ciwon suga. Ana yi masa tafinta ta waya, yana ta cewa lafiya lau. Da likita ta fita, na gaishe shi: "Baba, ina wuni, ya jiki?" Ya ɗago da mamaki, ya ce, "'Yata, ashe tamu ce." Nan ya faɗa mini ya ajiye maganinsa tun da aka ga wata, don kada ya karya masa azumi. Na ce, "Baba, ka yarda mu gaya mata? Ba za ta hana ka ibada ba sai da dalili." Ya yi shiru, can ya ce a faɗa. Ta zauna da shi, ta sake tsara masa lokutan shan magani tsakanin buɗa-baki da sahur.

Da lokaci ya yi, na tambaye ta kai tsaye ko za ta iya rubuta mini wasiƙa mai ƙarfi. Kalmar nan "mai ƙarfi" tana da amfani, don tana ba mutum damar janyewa. Wani malami ya janye ɗin, ya ce bai san ni sosai ba, na gode masa har zuci. Waɗanda suka amsa na ba su takardar tarihin karatuna da bayanin da na rubuta game da kaina tun saura mako shida, kuma na tuna musu sau biyu, duk da nauyin da na ji. AACOMAS yana karɓar har wasiƙu shida, huɗu na tura, kafin ƙarshen Yuni duk sun shiga.

Wasiƙa ba ta ceton makin da ya yi ƙasa sosai. Amma masu maki irin nawa suna da yawa, a tsakaninsu take aiki. Makina bai canja ba a shekara ta biyu, sai ga gayyatar ganawa uku kafin Oktoba.

A ganawar farko, malamin ya buɗe fayil ɗina, bai tambaye ni maki ba. Ya ce, "Ba ni labarin dattijon nan mai azumi." Ni kuwa ban ambace shi a ko'ina cikin takarduna ba. Bayan mako biyu suka kira ni ina cikin jirgin ƙasa, sai da na sauka a tasha ta gaba na kira Mama.