Godiya kan dawowar Inna daga ƙasa mai tsarki

Alhamdulillahi, Inna ta sauke farali, ta iso gida Damagaram lafiya. A madadin iyalinmu na Birni ina miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu ko ya sa baki da addu'a.

Masu zuwa barka da sauka suna ta tambaya yadda tsohuwa mai ciwon suga ta jure wannan hanya. Gaskiya ba ƙarfinta ba ne, Allah ne ya haɗa ta da mutanen kirki. Daga Jidda zuwa Yamai kusan kilomita 4,000 ne, zaman awa shida ko fiye a kujera ɗaya, balle tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a 2023 jirage da yawa ke kauce wa samaniyarta, hanya ta ƙara tsawo. Ga agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu, abin da ke rikita lokacin shan magani ga wadda ba ta karatun boko. Kafin ma su tashi, jirginsu ya yi jinkiri, suka kwana a filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda.

A nan ne wata baiwar Allah ƴar Mirriya, da ba su taɓa sanin juna ba, ta riƙe ta kamar uwar da ta haife ta. Ita ta shimfiɗa mata mayafinta a ƙasa, ta jiƙa mata biredi a shayi. A cikin jirgi, da ƙafafun Inna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, ita ta riƙa tayar da ita suna ɗan takawa tsakanin kujeru, tana cewa, "Hajiya, ki dafa ni, kada ki ji nauyi." Yaya, ba mu da abin biyanki. Allah ya karɓi aikinki, ya sa ki maimaita.

Da suka sauka filin jirgin Diori Hamani na Yamai, sauran wuya na gaba: kusan kilomita 900 a mota, ta Dosso, Dogondutsi, Ƙonni, Maradi da Tasawa, tafiyar da ta ninka ta jirgin a lokaci. Ni a ganina wannan ce ta fi cin tsofaffinmu, kuma ya kamata masu shirya aikin hajji su dube ta da idon rahama. Mun gode wa Kawu da iyalinsa a Yamai da suka hana ta kama hanya sai da ta huta, da direban da ya ba ta kujerar gaba, ya kuma lallaɓa mata zamzam ɗinta mai lita 5 har gida.

Maƙwabta da suka share gida suka ɗora tukunya, da malaman da suka yi ta addu'a, Allah ya saka da alheri. Inna na hutawa da safe. Mai son gaishe ta ya zo bayan la'asar, akwai dabino da zamzam.