Wasiƙa daga arewacin Ingila: ni da kekena a hanyar burji

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, ya iyali, ya hidima, ya kwana biyu. Da yawanku kun ga hoton da na saka ina tsaye da keke, ƙafa duk taɓo, kuka yi ta min tsiya wai mutum ya tsallaka teku ya je ƙasar da kwalta ta kai har ƙofar ɗaki amma ya ƙare a hanyar burji. To ku gyara zama, yau zan ba ku amsa.

Gaskiya ne burji ce, tsakuwa ce zalla aka zuba aka daddaɓe, kuma wallahi mutane a nan mota suke ɗaurawa keke su yi tafiyar awa biyu uku don kawai su same ta. Dalilin guda ne, babu mota a kai. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke a titi ya san yadda kunne yake zama a baya ido a gaba, kana tafiya kana sauraren ƙarar injin da ke tahowa, kafaɗa a ɗaure, kana lissafin ko wannan direban ya gan ka ko waya yake dannawa. Ranar farko da na shiga daji na yi kusan rabin awa ina waiwaye kamar ɓarawon akuya, babu kowa, sai daga baya jikina ya yarda ya saki, na fara jin ƙarar tayata a kan tsakuwa, wani ƙaras ƙaras da ban taɓa lura keke yana yi ba.

Inda na fi zuwa shi ne dajin Kielder, a yankin Northumberland dab da iyakar Ingila da Sikotlan, kamar awa ɗaya da rabi a mota daga Newcastle. Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne dajin nan kaf shuka shi aka yi. Bayan yaƙin duniya na farko Birtaniya ta ga ta kusa rasa katako gaba ɗaya, shi ne a 1919 ta kafa hukumar gandun daji, aka shiga dasa itatuwa a waɗannan tuddan da a da tumaki ne kawai ke kiwo a kansu. Yanzu dajin ya kai murabba'in mil 250, babu dajin shuka da ya kai shi girma a Ingila, kuma yawancin itatuwan irin Sitka ne da aka kawo daga gaɓar yammacin Amurka ta Arewa, dogaye miƙaƙƙu a jere kamar sojoji a fareti. Ba zan ɓoye muku ba, wani wurin babu kyau, duhu ne kawai da shiru, ko tsuntsu ba ka ji. Amma da ka ƙure hawa ka fito inda aka sare, sai duniya ta buɗe, tudu bayan tudu har cikin Sikotlan.

To hanyoyin da muke bi ba don mu aka yi su ba, don manyan motocin ɗaukar katako aka yi su, shi ya sa suke da faɗi kuma hawan bai cika tsayi ba sai dai tsawo, ka yi ta murza feda minti ashirin talatin kana cewa bayan wannan kwanar an gama, ka sha kwana ka tarar da wani hawan yana jiranka. Kuma a nan ne maganar babu mota take da ɗan gyara, an hana motocin jama'a shiga, akwai shinge a bakin hanya, amma daji ne da ake aiki a cikinsa, in ka ga allon da ke cewa ana sara a gaba to ka juya kawai, kar ka ce bari in lallaɓa. Sau ɗaya na haɗu da tirela ta ɗauko gungume a kwana, tun daga nesa na ji ƙasa tana rawa, na sauka na ja keke gefe har ta wuce ta bar ni da ƙura a baki. Sau ɗaya kenan a duk zuwan da nake yi.

A tsakiyar dajin akwai ƙatuwar madatsar ruwa da Sarauniya Elizabeth ta buɗe a 1982, an gina ta ne don ba masana'antun yankin ruwa, kafin a gama masana'antun sun fara durƙushewa. Hanya ta zagaye ta, mil 26, wajen kilomita 42, ita ce nake fara kai duk wanda ya ce yana so ya gwada, amma kar ya ji an ce bakin ruwa ya ɗauka shimfiɗa ce, hawa da gangara ne tun daga farko har ƙarshe. Akwai kuma masu taurin kai da ke taruwa duk shekara su yi tseren kilomita 200 a cikin dajin a wuni guda, Dirty Reiver suke ce masa, ni dai Allah ya ba su sa'a.

Wanda ƙirjinsa ba zai ɗauki wannan ba, sai ya gangara kudu zuwa Peak District, wurin shaƙatawa na ƙasa na farko da Birtaniya ta ware a 1951. Can tsofaffin layukan dogo ne da aka rufe, aka cire ƙarafan aka zuba dakakken dutse, kuma tunda jirgin ƙasa ba ya son hawa, hanyar kwance take ko da tuddai sun kewaye ka. Ɗaya daga cikinsu, hanyar Monsal, mil 8 da rabi ce kacal, jirgi ya daina bi a 1968, a 2011 aka sake buɗe ramukan da ke ratsa cikin dutse aka sa musu fitila, kana fitowa daga ramin Headstone sai ka tsinci kanka a kan wata doguwar gada, kogi can ƙasa. Hanyar Tissington kuma mil 13 ce. Sai dai ranar hutu cike suke da yara da karnuka da tsofaffi, ba wurin gudu ba ne, ƙararrawa za ka yi ta kaɗawa kana ba da haƙuri. Hanyar High Peak ce ta ɗan bambanta, tsohon layi ne tun 1831 kuma akwai wuraren da hawan ya yi tsayin da sai da inji a saman tudu yake jawo taragu da igiya, ɗakin injin Middleton yana nan har yau, ni a hawan nan sauka na yi na tura, ba kunya.

Batun keken kuwa, kar 'yan talla su ruɗe ku. Eh akwai keke na musamman na burji, kansa lanƙwasasshe irin na tsere amma tayarsa ta fi kauri, milimita 40 zuwa 45 maimakon 28 na keken kwalta, kuma yana da daɗi, amma taya ce sirrin ba fenti ba. Kuskurena na farko iska na bunƙa mata ta yi tauri kamar dutse, na dawo hannuna yana zugi haƙorana sun kusa zuba, ashe rage iskar ake yi don tayar ta riƙa shanye tsakuwar. Kuskure na biyu ya fi ciwo, na shiga da tub ɗaya na canji, ƙaramin dutse mai kaifi ya fasa na baya, na canza, ba a yi mil biyar ba ya sake fashewa, ga babu kayan faci, ga babu sabis a waya ko sanda ɗaya, ga yamma ta yi kuma lokacin bazara ne, lokacin wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari da suke kira mijis, ba ka ma ganinsu sosai sai dai ka ji fuska da wuya sun kama wuta. Awa biyu na yi ina tura keke ina marin kaina. Tun ranar ba na fita sai da tub biyu, faci, famfo, rigar ruwa ko da rana ta take, taswirar da na riga na sauke a waya, kuma sai na faɗa wa wani inda na nufa.

Wani abu da sabon zuwa ya kamata ya sani, doka ba ɗaya ba ce. A Ingila hanyar da aka ware wa masu tafiya a ƙafa ba ka da ikon hawa keke a kanta, sai wadda aka yarje wa dawaki, ita wannan, dokar 1968 ce ta ba masu keke izinin bin ta. Amma kana tsallaka iyaka zuwa Sikotlan, dokarsu ta 2003 ta ba ka damar bin kusan ko'ina muddin ba ɓarna za ka yi ba, kuma daga Kielder a keke ake tsallakawa, ba shinge ba ɗan sanda, allo ne kawai. Abin da bai canzawa ko ta wane ɓangare shi ne ƙofar makiyaya, yadda ka same ta haka za ka bar ta.

Sati mai zuwa in Allah ya kai mu zan sake komawa kafin sanyi ya shigo rana ta fara faɗuwa ƙarfe huɗu. Masu tsiya ku tanadi baki, wani hoton taɓon yana tafe. A gaida kowa da kowa.

Naku,
ɗan uwanku mai keke