Bowman da Latimer a takarda ɗaya: yadda na auna wa mutanenmu 'yan takara biyu a New York

A mazaɓa ta 16 ta jihar New York, tun watan Yuni ake sanin wanda zai tafi Majalisar Wakilan Amurka. 'Yan jam'iyyar Dimokurat sun yi wa 'yan Rifablikan fintinkau a yawa, saboda haka duk wanda ya ci zaɓen fid da gwani, na Nuwamba cika ƙa'ida ne kawai a wurinsa. Mutanenmu da yawa ba su san haka ba. Sai su zauna jiran ranar zaɓen shugaban ƙasa, alhali bakin alƙalami ya riga ya bushe tun da bazara.

Mazaɓar ta haɗa kudancin gundumar Westchester, wato su Yonkers, Mount Vernon, New Rochelle da White Plains, da wani ɓangare na arewacin Bronx. Masu jin Hausa suna nan a warwatse cikinta: 'yan zangon Kumasi da Ankara, 'yan Nijar, da mu 'yan Najeriya. Akwai direbobin tasi, da masu jinyar tsofaffi a gidaje, da masu shaguna. A 2024 mutum biyu suka nemi tutar Dimokurat, Jamaal Bowman da ke kan kujerar, da George Latimer, shugaban gundumar Westchester a lokacin. Aka sa zaɓe ran 25 ga Yuni.

Da yake ni nake taya jama'a cike takardun hukuma, dattawan masallacinmu suka ɗora mini aikin auna wa mutanenmu 'yan takarar biyu a takarda ɗaya. Sun kuma gindaya sharaɗi. Tun 1954 dokar haraji ta Amurka ta hana wuraren ibada da aka yafe wa haraji tsaya wa ɗan takara, don haka ba za a ce a zaɓi wane ba. Wani dattijo daga cikinsu ya ce da ni, "Malam, kai dai ka ajiye mana su gefe da gefe, kowa ya gani da idonsa." Na ce, "To Baba, in Allah ya yarda."

Na fara da abin da ke cika mana akwatin wasiƙa. Kusan kullum sai ka tarar da takarda mai sheƙi, hoton Bowman a turɓune, da manyan baƙaƙe suna cewa ya juya wa Shugaba Biden baya. Can ƙasa, da rubutun da sai ka kanne ido, akwai layin da doka ta tilasta a sa, mai faɗin wanda ya biya kuɗin tallan. Sunan da ya fi yawa shi ne United Democracy Project. Na shiga shafin FEC, hukumar tarayya da ke lura da kuɗin kamfe, na bi sawu. Ƙungiyar reshe ce ta AIPAC, masu kare muradun Isra'ila a siyasar Amurka, kuma kafin a gama ta zuba sama da dala miliyan 14 a wannan mazaɓa ɗaya. Jimillar abin da aka kashe a talla ta kusa miliyan 25, abin da kafin lokacin ba a taɓa gani ba a zaɓen fid da gwani na Majalisar Wakilai. A zangon zaɓen nan mutum ɗaya ba ya iya ba ɗan takara fiye da dala 3,300 a kowane zaɓe, amma tun hukuncin kotu na 2010 irin waɗannan ƙungiyoyi da ake kira Super PAC ba su da iyaka, muddin ba su haɗa baki da ɗan takarar ba. Bowman ma yana da masu kashe masa kuɗi daga waje, irin su Justice Democrats, na kuma rubuta su, ko da yake nasu bai kama ƙafar wancan ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tallace-tallacen da ƙyar suke ambaton Isra'ila. Maganar tituna da gadoji suke yi. Mai kuɗin yana da dalilinsa, tallan kuma yana faɗin wani dalili daban. Shi ya sa na ware wa kuɗi gurbinsa a takardar: wa ya biya, nawa, kuma me aka san ƙungiyar da shi.

Tarihin mutanen bai ba ni wahala ba. An haifi Bowman a 1976, malamin makaranta ne, shi ya kafa wata makarantar gwamnati a Bronx ya shugabance ta, a 2020 kuma ya kayar da Eliot Engel wanda ke majalisa tun 1989. An haifi Latimer a Mount Vernon a 1953, ya hau tsanin mataki-mataki: kansila a garin Rye, majalisar gunduma, majalisar wakilan jiha daga 2005, dattawan jiha daga 2013, shugabancin gunduma daga 2018.

Wahalar tana wajen aunawa. Bowman yana da ɗaruruwan ƙuri'u da ya kaɗa a Washington, kowacce da ranarta da lambarta a shafin akawun majalisa. Latimer kuwa a lokacin bai taɓa kaɗa ko ɗaya a can ba. Nasa aikin kasafin kuɗin gunduma ne da dokokin da ya sa wa hannu. Kamar a ce ka gwada mai hatsi da mai yadi ne, ɗaya da mudu yake awo, ɗaya da kamu. In ka yi sakaci, sai wanda ya fi yawan ƙuri'u a rubuce ya fi yawan abin zargi, ɗayan kuma ya fito fes don kawai ba a taɓa tambayarsa ba. Dabarar da na yi ita ce, ƙarƙashin kowane batu na raba layi biyu: abin da mutum ya aikata, da abin da ya faɗa. Inda babu aiki sai magana, na rubuta "faɗa ya yi".

Ƙuri'ar tituna da gadojin ita ta fi cin lokacina, ita ce kuma ta fi koya mini aikin. Ran 5 ga Nuwamba 2021 majalisa ta amince da dokar ayyukan raya ƙasa ta dala tiriliyan 1.2, da ƙuri'a 228 a kan 206. 'Yan Dimokurat shida suka ƙi, Bowman na cikinsu. Wannan gaskiya ne, tallan bai yi ƙarya ba. Sai dai akwai sauran zance. An yi alkawari tun farko cewa dokar za ta tafi tare da wata babba mai suna Build Back Better, wadda ta ƙunshi kuɗin renon yara, gidaje da sauyin yanayi. Su shidan suna tsoron in aka saki ta tituna ita kaɗai, ɗayar za ta mutu. Bayan mako biyu Build Back Better ta wuce a Majalisar Wakilai da ƙuri'ar Bowman a ciki, a watan Disamba kuma Sanata Joe Manchin ya ce ba zai goya mata baya ba, ta tsaya nan.

To yaya za ka rubuta wannan? In ka ce "ya ƙi dokar tituna" ka yi shiru, ka yi wa masu tallan aiki kyauta. In ka ce "ya tsaya wa talakawa", ka zama ɗan kamfe. Na rubuta layi uku: abin da ya kaɗa, dalilin da ya bayar, da abin da ya biyo baya. Na ƙara da hujjar Latimer, cewa wakili ba ya ƙin kuɗin da zai gyara hanyoyi da bututun ruwan mazaɓarsa don neman abin da bai tabbata ba. Wani direban tasi ya karanta ya ce Bowman ya yi hangen nesa. Abokinsa ya karanta layukan nan dai ya ce taurin kai ne. Jin su biyun na san wurin ya zauna daidai.

A ɓangaren Latimer na tarar da abin da mutanenmu ba su sani ba. A watan Maris 2018, kusan wata uku da hawansa shugabancin gunduma, ya sa hannu kan dokar kare baƙi ta Westchester, wadda ta taƙaita yadda ma'aikatan gunduma za su taimaka wa hukumar kama baƙin haure ta tarayya. Wanda ya gabace shi, Rob Astorino, ya hau kujerar naƙi a kan irinta a 2017. Wani ɗan'uwa da ya ga rubutun ya same ni a gefe. "Yaya, wannan ai taimakonsa ka yi. Ka cire mana." Na ce masa ba zan cire ba. A cikinmu akwai wanda ƙaninsa ko matarsa ba su da takarda, wannan doka ta shafe su kai tsaye, kuma haƙƙinsu ne su san wanda ya sa mata hannu.

Ba zan ɓoye ba, zuciyata tana tare da Gaza, a nan ne kuma mutanen biyu suka rabu da gaske. Bowman yana cikin waɗanda suka gabatar da ƙudurin tsagaita wuta tun Oktoba 2023, a Afrilu 2024 kuma yana cikin 'yan Dimokurat 37 da suka ƙi amincewa da kuɗin taimakon Isra'ila. Latimer ya ziyarci Isra'ila a ƙarshen Nuwamba 2023, ya kuma ɗaure maganar tsagaita wuta da sakin mutanen da Hamas ta yi garkuwa da su. Amma na rubuta har da cewa a Satumba 2021 Bowman ya amince da dala biliyan 1 don garkuwar makamai ta Isra'ila mai suna Iron Dome, abin da ya jawo masa fushin wasu magoya bayansa. Masu sonsa a cikinmu ba su ji daɗin ganin wannan layi ba. Na bar shi, domin ranar da aka gane na tace wa mutum ɗaya tarihinsa, ba wanda zai ƙara yarda da sauran takardar.

Dattawa sun tambayi matsayinsu kan zubar da ciki da auren jinsi. Amsar gajeriya ce: bakinsu ɗaya, dukansu suna goyon baya. Haka kan taƙaita mallakar bindiga. Na faɗa a fili don kada wani ya zaɓi mutum bisa zaton da ba haka yake ba.

Sai abin kunya. Ƙa'idata ita ce ba na sa komai sai abin da kotu ta tabbatar, ko majalisa ta kaɗa wa ƙuri'a, ko mutum ya faɗa da bakinsa a bainar jama'a. Ran 30 ga Satumba 2023 Bowman ya danna ƙararrawar gobara a wani ginin ofisoshin majalisa ana shirin ƙuri'a kan kasafin kuɗi. Ya ce kuskure ne, ya amsa ƙaramin laifi, ya biya tarar dala 1,000, majalisa kuma ta tsawatar masa a hukumance a Disamba da ƙuri'a 214 a kan 191. Latimer kuwa, a wata muhawara a watan Yuni, ya ce wa Bowman mutanen da yake wakilta suna Dearborn ta jihar Michigan, garin da aka sani da yawan Larabawa da Musulmi. Maganar ta sosa mana rai ƙwarai, ni ma ta sosa mini. Na rubuta ta yadda take, tare da bayanin da ya yi cewa inda kuɗin kamfen Bowman ke fitowa yake nufi. Jita-jitar da ke yawo a WhatsApp kuwa, ko ɗaya ba ta shiga ba.

Wata Hajiya 'yar Damagaram ta buɗe mini ido kan gurbin da ya kamata a ƙara. Ta ce, "Ɗana, cikin su biyun wa zai rage mini kuɗin haya?" Ɗan Majalisar Wakilai ɗaya ne cikin 435, wa'adinsa shekara 2, ba shi yake yanka kuɗin haya ko tarar ajiye mota ba, wannan na jiha ne da birni. Amma in takardar ɗanki ta maƙale a hukumar shige da fice ko a ofishin jakadanci, ofishinsa na iya bin kadi da izininki a rubuce, ko da yake ba ya iya tilasta a amince. Na sa wannan bayani a takardar, kuma shi mata suka fi tambaya a kai.

Takarda kaɗai ba ta isa ba. Dattawa da yawa ajami suka iya, wasu matasan zango kuma suna jin Hausa ba sa karanta ta. Muka mai da ita saƙon murya. Ba ni na karanta ba, domin wanda ya san ka yana gane inda ka karkata daga yadda kake jan numfashi. Wata 'yar'uwa da ke zaune a wata mazaɓa ta karanta, da murya ɗaya daga farko har ƙarshe, aka ba kowane ɗan takara lokaci daidai.

A saman komai na sa gargaɗi. Ɗan ƙasa ne kaɗai ke zaɓe. Mai katin zama na dindindin in ya kaɗa ƙuri'a ya aikata laifin da zai iya hana shi zama ɗan ƙasa, har a kore shi. Sannan a New York sai wanda ya yi rajista a jam'iyya yake shiga zaɓenta na fid da gwani, ranar ƙarshe ta sauya jam'iyya kuma 14 ga Fabrairu ce. An buɗe zaɓen wuri daga 15 zuwa 23 ga Yuni, Babbar Sallah ta faɗo ran 16, sai muka yi amfani da taron idi muka raba takardar.

Latimer ya ci da kusan kashi 58 cikin ɗari, Bowman ya sami kusan 41. Bowman ya yi rinjaye sosai a ɓangaren Bronx, amma yawancin ƙuri'un suna Westchester. Ban tambayi kowa wanda ya zaɓa ba. Abin da ya fi damuna shi ne mutanen da suka saurari saƙon, suka yanke shawara, suka je rumfa aka ce ba za su yi wannan zaɓe ba, saboda ranar da suka yi rajista sun bar gurbin jam'iyya ba su cike ba. Na rubuta sunayen waɗanda suka yarda. Bayan zaɓen Nuwamba muka zauna da su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya duba rajistarsa a shafin hukumar zaɓe ta jiha, mai son shiga jam'iyya ya cike fom ya zaɓi wadda ransa ya so, muka aika tun Fabrairu bai kama ba.